Ku Tambayi Anti: Sirrin da na faɗa wa mai duba ni, a ina yake tsayawa?

Jama'a barkanmu da wannan mako. Tun da na taɓo maganar zuwa ganin masanin halayyar ɗan Adam, wanda wasu ke cewa saikolojis, saƙonni suke ta shigowa, kuma abin da na lura yawancinsu ba akan ciwon suke ba, akan shi mai dubawar ne, me ya halatta ya yi me bai halatta ba. Kafin mu shiga, saikolojis daban likitan ƙwaƙwalwa daban, likitan ƙwaƙwalwa karatun likita ya yi shi ke rubuta magani, shi kuwa saikolojis a yawancin ƙasashe baya rubuta magani, aikinsa saurare ne da gwaje-gwaje da jinyar da ake yi da magana. Na cire sunaye na kuma sauya wasu bayanai a wasiƙun, don haka kar wani ya tsaya lissafin ko wance ce.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Wata uku kenan ina zuwa wajen wani saikolojis saboda damuwa da rashin barci kuma gaskiya ina jin sauƙi, amma akwai abin da har yau na kasa faɗa masa wanda ni na san shi ne tushen komai. Ranar farko shi da bakinsa yace min akwai yanayin da dole ya faɗa wa wani abin da na gaya masa, wallahi tun ranar na ja bakina na tsuke. Toh Anti meye amfanin sirrin da yake da ƙofar baya? In mijina yaje ya tambaye shi fa?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Bari in fara da mijin naki tunda shi ne ya hana ki sakewa. Ko zai wuni a ofishin nan daga safe har dare ba abin da za a gaya masa, kai ko cewa kina zuwa wajen ma ba a yarda a tabbatar masa ba sai da izininki, kuma yawanci a rubuce da sa hannunki. Haka uwa, haka uba, haka ogan wurin aiki, haka wanda ya biya kuɗin zaman. Biyan kuɗi baya sayen sirri.

Sannan ni a ganina wannan maganar da ya miki ranar farko ita ce ma ya kamata ta kwantar miki da hankali, don wanda zai ce miki komai kika faɗa kabari ne ba mai ji har abada, toh ko dai bai san aikinsa ba ko yaudararki yake. Ƙofofin nan ba su da yawa kuma ba ɓoyayyu ba ne: in ya ga ranki na cikin haɗari na kusa, in kina shirin cutar da wani da gaske, in ya ji ana cin zarafin yaro ko wani mai rauni da ba zai iya kare kansa ba, sai kuma in kotu ta ba da umarni. Dokar kowace ƙasa da yadda ta ja layin amma kusan ko'ina waɗannan ne.

Ta biyun nan akwai labari a bayanta, kuma duk wanda ya karanci aikin nan sai an karantar da shi. A 1969 a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley akwai wani ɗalibi ɗan Indiya, Prosenjit Poddar, ya kamu da son wata yarinya Tatiana Tarasoff ita kuma tace masa ba ta yi, abin ya taɓa shi sosai har ya fara zuwa ganin saikolojis na asibitin jami'ar, Lawrence Moore. Ana cikin zama ya gaya masa zai kashe yarinyar in ta dawo daga Brazil. Moore bai yi shiru ba fa, ya sanar da 'yan sandan jami'a, suka ɗauke shi suka yi masa tambayoyi suka ga kamar da hankalinsa, ya yi musu alkawarin ba zai je kusa da ita ba suka sake shi, shikenan, ba wanda ya je ya gaya wa yarinyar ko iyayenta. Ranar 27 ga Oktoba ya je har gida ya kashe ta. Iyayen suka kai ƙara, a 1976 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa in mai jinya ya ga wanda yake dubawa haɗari ne ga wani, wajibi ne ya ɗauki matakin kare wancan ɗin, alƙalin yace hakkin sirri yana ƙarewa ne daga inda haɗari ga jama'a ya fara. Har yau masana na jayayya akan hukuncin, wasu na cewa zai sa masu mugun nufi su daina faɗa gaba ɗaya a rasa ma damar taimakonsu, kuma gaskiya maganarsu ba a banza take ba, amma ni duk lokacin da na tuna uwar yarinyar nan ba na iya cewa kotu ta yi kuskure.

Toh yanzu ki duba naki. Ba kowace baƙar magana ce ke buɗe ƙofar nan ba. Mutum ya ce wallahi ji nake kamar in shaƙe wane, ko ya ce na gaji da rayuwa da ma in kwanta kar in tashi, irin wannan mu masu wannan aiki kullum muna ji, aikin ma kenan, zama za a yi a tattauna. Abin da ake dubawa shi ne akwai niyya, akwai shiri, an tanadi abin yi, an sa lokaci. Ko an kai nan ɗin ma mai aiki na gari ke zai fara gaya wa, ya nemi ku yi shawarar wa za a kira, kuma iya abin da zai tsare rai kawai zai faɗa ba wai ya kwashe tarihinki kaf ya zazzage ba. Abin kunya da ya wuce, soyayyar da kika ɓoye, abin da aka miki kina ƙarama, haushin wani da kike ji a zuci, tunanin da ke kanki kike ƙyama, in dai ba wani yaro da ke cikin haɗari yanzu, duk wannan a ɗakin yake zama.

Kotu ma ba kai tsaye take samu ba a wurare da yawa. A Amurka wata 'yar sanda, Mary Lu Redmond, ta harbe wani mutum a bakin aiki a 1991, bayan nan ta yi zama kusan 50 da mai ba ta shawara, dangin mamacin suka nemi a kawo rubutun zaman kotu, ita da mai ba ta shawarar suka ƙi, magana ta kai har kotun ƙolin ƙasar, a 1996 tace a'a ba za a tilasta ba, don in mutane suka san maganarsu za ta iya zama shaida a kansu ba wanda zai ƙara faɗin gaskiya a ɗakin jinya.

Abin da ni ya fi damuna a zamanin nan ba bakin saikolojis ba ne, fayil ne. A 2018 a ƙasar Finland wani ya kutsa kwamfutocin wani kamfanin jinya mai suna Vastaamo ya kwashe bayanan mutum kusan 33,000 har da rubutun abin da suka faɗa a zama, a 2020 ya nemi kamfanin ya ba shi kuɗi, da kamfanin ya ƙi biya sai ya koma bin mutanen ɗaya bayan ɗaya da saƙon imel, ka biya Yuro 200 ko in watsa sirrinka a intanet. Kamfanin ya durƙushe, shi kuma an ɗaure shi shekara shida da wata uku a 2024, amma abin da ya fita ya riga ya fita. Don haka hakkinki ne ki tambaya me kake rubutawa, ina kake ajiyewa, wa ke iya buɗewa. Zai iya gaya miki yana kai wasu matsalolin gaban wani babba da ke duba aikinsa, wannan daidai ne kuma alama ce mai kyau, ba a faɗin suna, shi ma babban amanar na wuyansa.

Shawarata, zama na gaba kar ki faɗi abin tukuna in ba ki shirya ba, ki ce masa akwai abin da na riƙe saboda maganar da ka min ranar farko, ka sake min bayani dalla-dalla, in mutum ya faɗi abu iri kaza me za ka yi. Ki saurari amsar ki kalli fuskarsa. In ya yi haƙuri ya warware miki, kin samu na gari.

TAMBAYA: Anti ni wulaƙanci aka min. Matar da nake zuwa wajenta kusan shekara, ta san cikina ta san bayana, na haɗu da ita a banki muka haɗa ido ta ɗauke kai kamar ba ta taɓa ganina ba. Na tura mata neman abota a Facebook shiru, na kai mata kyautar agogo tace ba za ta karɓa ba. Ashe dama kuɗina kawai ake so?

AMSA: Malam da kuɗinka ake so ai da agogon nan ya daɗe a hannunta. Rufa maka asiri ta yi. Ni ma ya taɓa faruwa da ni, ina kan layi sai ga wani da nake dubawa riƙe da hannun ɗansa matarsa na gefe, na ga ya daskare, nan take na sunkuyar da kai na hau danna waya kamar wani abu nake karantawa, don in na ce masa sannu abu na farko da matar za ta ce shi ne wacece wannan, ina ka san ta, kaga na jefa shi cikin ƙarya ko cikin bayanin da bai shirya ba. Ƙa'idar ita ce kai ke da zaɓi, in ka gaishe ta za ta amsa, in ka wuce ta wuce. Inda zan ba ta laifi kaɗan, kamata ya yi tun farko ta gaya maka haka za ta yi in kun haɗu a waje.

Facebook ma haka, sunanka cikin abokanta kaɗai ya isa wani ya fara lissafi, kai kuma ka fara ganin hotunanta da 'ya'yanta da ra'ayoyinta, gobe ka zo zama kana tauna magana don kar ka ɓata mata. Kyauta kuwa ba haramun ba ce kwata-kwata, katin godiya ko wani ɗan ƙaramin abu ranar rabuwa da yawa suna karɓa, amma abu mai tsada nauyi yake ɗorawa, ranar da ya kamata ta gaya maka gaskiya mai ɗaci agogon zai riƙe mata baki. Ka faɗa mata ka ji haushi, wallahi zama mai amfani za ku yi akai.

Wani ma ya aiko da makamanciyar wannan, wai ƙanwar babansa saikolojis ce ta ƙi duba shi ta tura shi wajen wani. Ta kyauta maka ɗana. Ya za ka zauna kana faɗa mata abin da yayanta ya maka? Freud da ake ta kira uban wannan fanni shi da kansa ya zaunar da 'yarsa Anna yana mata jinya daga 1918, yau da wani zai yi haka lasisinsa ne zai shiga uku.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Ɗana shekararsa 16, ya daina magana ya daina karatu na kai shi, ni ke biya ni ke kai shi ni ke ɗauko shi, amma in na tambayi matar me yace sai tace min muna samun ci gaba. Ni na haife shi fa. Wannan wace irin ƙa'ida ce?

AMSA: Alhaji na ji zafinka kuma ba za a ce ba ka da hakki ba, a yawancin dokoki iyaye ne ke ba da izinin jinyar yaron da bai kai shekarun girma ba kuma suna da damar sanin halin da ake ciki. Amma ka tambayi kanka me ya sa ka kai shi, ai don ya daina magana ne a gida. Toh in ya gano duk abin da ya faɗa a can kafin ya iso mota ya riga shi zuwa kunnenka, can ɗin ma zai rufe baki, ka tashi ba tsuntsu ba tarko. Shi ya sa masu aiki da matasa tun zaman farko suke zaunar da uba da ɗa su yi yarjejeniya a gaban juna, cewa hirar yau da kullum tsakaninmu ce, amma in na ga ranka ko lafiyarka cikin haɗari, ko wani na cutar da kai, zan gaya wa babanka kuma kai zan fara gaya wa kafin in gaya masa.

Sai dai muna samun ci gaba kaɗai ta yi kaɗan, a nan ina bayanka. Kana da damar ka san me take ganin yana damunsa a dunƙule, wace hanya take bi, zama nawa take hasashe, me ya kamata ku yi a gida me ya kamata ku bari, da alamun da in ka gani za ka kira ta cikin dare. Ka nemi zama na ku uku. Kuma dan Allah in kun fito kar ka tsare shi da me ka ce mata, ka kunna rediyo ku tafi, wata rana a motar nan zai fara da kansa.

TAMBAYA: Anti ina jin kunya amma ba ni da wanda zan tambaya. Mutumin da ke duba ni shi ne mutum na farko a rayuwata da ya saurare ni. Kwanan nan ya fara turo min saƙo da daddare, farko ya jiki, yanzu har hira muke, yana ba ni labarin matsalarsa da matarsa, yace ni daban ce cikin duk waɗanda yake gani, ya mayar da zamana na ƙarshe bayan kowa ya tashi, ya daina karɓar kuɗina. Satin nan yace mu rufe fayil ɗin sai mu haɗu a waje tunda daga nan ba mara lafiyarsa ba ce ni. Gaskiya ina sonsa. Laifi ne?

AMSA: Ƙanwata, ke ba ki yi laifin komai ba, ki fara riƙe wannan. Son wanda ya saurare ki a lokacin da kowa ya juya baya abu ne da aka sani tun zamanin Freud, har suna ya ba shi, wato mutum ya kwaso ƙishin da ya taso da shi na uba ko uwa ko masoyi ya ɗora kan mai jinyarsa, kuma ana koya wa kowane ɗalibi cewa zai faru da shi da yadda zai riƙe abin. Su ma masu jinyar mutane ne, wani bincike da aka buga a Amurka a 1986 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na waɗanda suka amsa sun taɓa jin sha'awar wani da suke dubawa. Jin ba shi ne laifi ba. Wanda ya ji sai ya kai maganar gaban babban da ke duba aikinsa, in abin ya fi ƙarfinsa ya miƙa ki ga wani cikin mutunci. Wannan naki ba haka ya yi ba.

Ki sake karanta wasiƙarki a hankali ki ga matakala ce, saƙon dare, sai labarin matarsa, sai ke daban ce, sai zaman da ba kowa a ginin, sai yafe kuɗi don ki ji kina da bashi a wuya, kowane taki ƙarami ne yadda ba za ki iya nuna shi ki ce ga laifi ba. Ban san zuciyarsa ba, ko da shiri ya yi ko zamewa ya yi, amma shi aka koya wa inda hanyar nan take ɓullewa, ba ke ba. Ya san abin da ke sa ki kuka, ya san wanda ya taɓa yasar da ke, ya san kalmar da kike jira a gaya miki tun kina yarinya don ke kika faɗa masa da bakinki, ke kuma me kika sani nasa in ba abin da ya zaɓa ya nuna miki ba? An ba kura ajiyar nama kenan. Shi ya sa ko kin ce kin yarda, ƙa'idar aiki ba ta ɗaukar wannan a matsayin yarda, kuma ba sabon abu ba ne, rantsuwar likitocin Girka ta Hippocrates da ta haura shekara 2,000 ta hana wannan.

Dabarar rufe fayil ɗin ma an san da ita. Kundin ƙa'idojin ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, APA, ya haramta irin wannan alaƙa da wanda ake dubawa kwata-kwata, har da danginsa na kusa, bayan an gama jinya ma sai an yi aƙalla shekara biyu, bayan shekara biyun ma sai a yanayi na ba safai ba kuma shi ne zai kawo hujjar cewa bai ci da guminki ba, kuma cikin abin da ake dubawa har da ko tun ana jinyar ya fara share fagen. A wasu jihohin Amurka ma laifi ne da ake ɗauri a kansa.

Kar ki je haɗuwar nan. Kar ki goge saƙonnin, ki ɗauki hotonsu ki ajiye inda ba wayarki ba. Ki nemi wani mai jinyar, in da hali mace, ki faɗa mata komai, don rabuwar za ta yi miki ciwo kamar mutuwa kuma bai kamata ki ɗauka ke kaɗai ba. Maganar kai ƙara ga hukumar da ta ba shi lasisi ko shugaban wurin da yake aiki zaɓinki ne, ba zan matsa miki ba, ba kuma sai yau ba. Zai kira, zai ce kin ci amanarsa, zai ce za ki rusa masa rayuwa. Ba sai kin ɗauka ba.

TAMBAYA: Anti wani na gani a intanet yana cewa zama uku kacal yake raba mutum da ciwon damuwa har abada da wata sabuwar hanya tasa, ga bidiyon mutane suna ta yabonsa. Da na tambayi yadda hanyar take sai yace sai na biya zan gani. In je?

AMSA: A'a ɗan uwa. Abu uku ya karya a numfashi ɗaya. Mai lasisi baya yin alkawarin warkewa, baya roƙon waɗanda yake dubawa su fito su yabe shi don mutumin da ke hannunka ba zai iya ce maka a'a ba, kuma baya ɓoye hanyarsa. Kafin a fara komai hakkinka ne a gaya maka me za a yi, me aka sani game da amfaninsa da illarsa, akwai wata hanyar ko babu, nawa ne, kuma kana iya cewa na fasa ko ana tsakiya. In hanyar sabuwa ce da ba a gama gwadawa ba dole a faɗa maka haka ƙarara.

Mutane na ɗauka tunda magana ce kawai ba allura ba ba za ta yi illa ba. A shekarar 2000 a jihar Colorado wata yarinya 'yar shekara 10, Candace Newmaker, an kai ta wata jinya wai ta sake haihuwa don ta shaƙu da matar da ke riƙonta, suka naɗe ta cikin bargo suka danne da matasan kai manya na tura ta wai ta yunƙuro ta fito, tana cewa ba ta iya numfashi tana cewa za ta mutu suna ɗauka taurin kai ne, sama da awa ɗaya, kuma duk suna ɗauka a bidiyo. Ta rasu. Mata biyun da suka jagoranci abin kowacce shekara 16 aka yanke mata, jihar ta kafa dokar hana wannan jinya. Ka tambaye shi ina ya yi karatu, wace hukuma ce ta ba shi lasisi, lamba nawa, sannan ka je ka duba da kanka. A Ingila misali ba wanda ya isa ya kira kansa saikolojis na asibiti sai yana cikin rajistar HCPC, hukumar da ke sa ido kan ma'aikatan lafiya, amma kalmar mai ba da shawara kowa ma na iya liƙa wa kansa, irin wannan ramin ne 'yan damfara ke shiga.

TAMBAYA: Anti ni ɗaliba ce a wannan fanni. Ina ganin masana a bidiyo suna cewa shugaba wane yana da ciwo kaza, mawaƙiya wance tana da kaza, alhali ba su taɓa zama da su ba. Ya halatta? Kuma wai su wa suka rubuta ƙa'idojin nan?

AMSA: Ɗiyata bai halatta ba, kuma an taɓa shan kunya akai. A 1964 wata mujalla a Amurka mai suna Fact ta aika wa likitocin ƙwaƙwalwa sama da 12,000 tambaya ko ɗan takarar shugaban ƙasa Barry Goldwater na da lafiyar da zai yi mulki, 1,189 suka ce ba shi da ita, ba ko ɗaya da ya taɓa duba shi, mujalla ta buga a bango. Ya faɗi zaɓe amma ya kai ƙara ya ci Dala 75,000, a 1973 ƙungiyar likitocin ta kafa dokar da har yau ake kira da sunansa. Ta likitocin ƙwaƙwalwa ce, amma mu ma namu kundin yace kar ka yanke hukunci kan halin mutum sai ka duba shi yadda ya kamata. Kina iya bayanin ciwo a bidiyo, ba kya iya liƙa shi a goshin wani.

Su wa suka rubuta kuwa, mutane ne irinmu bayan sun ga ɓarna. APA ta fitar da kundinta na farko a 1953, kuma ba zama suka yi suka ƙago ba, mambobi aka ce kowa ya aiko da wani tsaka mai wuya da ya taɓa shiga a bakin aiki, aka tara sama da 1,000 aka gina akai. Na yanzu na 2002 ne da gyare-gyare, ginshiƙansa biyar, ka amfanar kar ka cutar, ka riƙe amana, ka yi gaskiya, ka yi adalci, ka girmama hakki da mutuncin mutum. Amma kar ki ɗauka kundi na tsare masu shi, wanzami ai baya son jarfa. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 saikolojis biyu ne, James Mitchell da Bruce Jessen, suka tsara wa hukumar CIA dabarun azabtar da fursunoni wajen tambaya, kamfaninsu ya karɓi Dala miliyan 81, kuma binciken da ita APA ɗin ta sa aka yi a 2015 ya gano wasu manyanta sun haɗa baki da ma'aikatar tsaro wajen sassauta ƙa'idojin. Sai da ta fito ta ba da haƙuri ta hana mambobinta shiga irin wannan tambayar. Ki haddace kundin don jarrabawa, amma ki nemi babba mai tsoron Allah da za ki riƙa kai wa aikinki, ni har yau ina da tawa kuma har yau tana min faɗa.

Saura wasiƙa ɗaya da ban buga ba kuma ba zan buga ba. Ke da kika rubuto da asuba kika ce kin tara ƙwayoyin kin sa rana, na karanta har ƙarshe, sau biyu. Kar ki jira fitowa ta gaba. Yau ɗin nan ki ɗauki ledar ki miƙa wa mutumin nan ɗaya da kika ce har yanzu kina yarda da shi, ki ce ya raka ki sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ki faɗa musu daidai yadda kika faɗa min. Na amsa miki ta inda kika turo, ki duba.